LISSAFIN GAMI: Yadda A Ke Haɗa Mai Ƙarfi Da Marar Ƙarfi

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Wannan gaskiya ne wajen awon hatsi, gama ko ido ya kuskure kaɗan, hasarar ba ta da yawa. Amma akwai waɗansu ayyuka inda kimar ido ba ta isa. Ma'aikacin asibiti wanda zai sirka maganin kashe ƙwayoyin cuta, in ya cika ruwa, maganin ba zai kashe kome ba, in kuwa ya ƙaranta ruwa, sai ya ƙona hannuwan mutane. Maƙerin zinariya in ya yi gami da ka, ko ya cuci kansa ko ya cuci mai saye. Mai kiwon kaji in bai san awon abincinsu ba, sai ya yi ta zuba hatsi ba ya ganin ƙwai.

Duk waɗannan mutane tambayarsu ɗaya ce: nawa zan ɗiba daga wannan, nawa daga wancan, don abin da na haɗa ya fito da ƙarfin da na ke so? Amsar wannan tambaya ita za mu koya a nan. Abin da a ke bukata gare ka shi ne ka iya tarawa, da ɗebewa, da sau, da rabawa. Ka nemi fensir da takarda ka ajiye kusa. Kada ka karanta wannan darasi kamar yadda a ke karanta labari. Kowane lissafi ka tarar, tsaya ka yi shi da hannunka tukuna, sa'an nan ka wuce.

1. ABIN DA A KE NUFI DA ƘARFI

In aka narka gishiri cikin ruwa, ido ba ya ganinsa, amma yana nan. Mu ƙaddara an auna ruwan gishiri kilo 100, aka dafa shi har ya ƙone ƙaf, aka tarar da gishiri kilo 10 a gindin tukunya. To, sai mu ce ƙarfin wannan ruwa kashi 10 ne cikin 100. A kan rubuta shi a taƙaice haka: 10%. Wannan alama za ka gan ta jikin kwalaben magani da buhunan takin zamani. Buhun takin yuriya, alal misali, an rubuta masa 46%, watau cikin kowane kilo 100 akwai kilo 46 na sinadarin da shuka ke bukata.

Wani abu ƙarfinsa bai kai a ƙidaya shi cikin 100 ba, sai a ƙidaya cikin 1,000. Ruwan teku yana da gishiri wajen kashi 35 cikin 1,000. Ruwan gishirin da a ke yi wa marar lafiya ƙari da shi a asibiti yana da giram 9 na gishiri cikin kowace lita.

Akwai abu uku da za ka riƙa rarrabewa kullum: yawan ruwan duka, da ƙarfinsa, da tsantsar abin da ke cikinsa. Ga yadda su ke haɗuwa:

yawa × ƙarfi = tsantsa

Kilo 20 na ruwa mai ƙarfin 10% yana da tsantsar gishiri kilo 2, gama 20 sau 10 ya ba da 200, in ka raba da 100 ya zama 2. Ruwa zalla kuwa ƙarfinsa sifiri ne, don ba kome cikinsa.

2. TUSHEN AL'AMARIN

Ga magana guda wadda duk darasin nan ya ke tsaye a kanta. In ka juye tulu biyu cikin randa, abin da ke cikin tulunan shi ne cikin randar, ba ƙari ba ragi. Gishirin tulu na fari da gishirin tulu na biyu, in ka tara su, shi ne gishirin randa. Gauraya ba ta haifar gishiri, ba ta kuma cinye shi.

Mutane da yawa su kan yi kuskure a nan. In aka ce musu an haɗa ruwa mai ƙarfin 50% da mai ƙarfin 10%, sai su ce ai gamin 30% ne, don 30 ita ce tsakiya. Wannan ba ya zama gaskiya sai in yawansu ɗaya ne. Duba: kilo 10 mai ƙarfin 50% yana da tsantsa kilo 5. Kilo 90 mai ƙarfin 10% yana da tsantsa kilo 9. An haɗa su, an sami kilo 100 mai tsantsa kilo 14. Ashe ƙarfin gamin 14% ne, bai ko kai rabin 30 ba. Wanda ya fi yawa shi ke jan gamin zuwa wajensa. Saboda haka ba ƙarfi a ke tarawa ba, tsantsa a ke tarawa.

3. HARAFIN DA KE TSAYA WA ABIN DA BA A SANI BA

Irin lissafin da za mu yi aiki da shi sunansa aljabara, asalin kalmar kuwa Larabci ne. Wajen shekara ta 820, zamanin Halifa Ma'amun, wani masani a birnin Bagadaza, Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi, ya wallafa littafi a kan hisabin jabru da muƙabala. Babban sashe na littafin a kan lissafin wasiyya da gado ya ke. Jabru shi ne ɗori, kamar yadda maɗori ke mai da karyayyen ƙashi wurinsa. Muƙabala kuwa ita ce gwada sashe da sashe. Shi Alhawarizmi da kalmomi ya ke rubuta lissafinsa duka, abin da ba a sani ba kuwa ya kan kira shi shai'un, watau abu. Daga baya, cikin shekara ta 1637, wani masani Bafaranshe mai suna Dekart ya yi amfani da haruffan ƙarshe na abacada don wannan aiki, shi ya sa har yau makarantu ke rubuta x.

To, mu ma x za mu rubuta. Duk inda ka gan shi, ka karanta a zuciyarka "abin da na ke nema". In an rubuta 5x, ana nufin 5 sau x. Ka lura kada ka rikita shi da alamar sau, gama sun yi kama.

Lissafin da ke da alamar = a tsakiyarsa za mu kira shi mizani, don kamar sikelin mai sayar da nama ya ke: abin da ke hannun dama nauyinsa ɗaya da abin da ke hannun hagu. Dokar mizani ɗaya ce. Duk abin da ka yi wa sashe guda, ka yi wa ɗayan. In ka ƙara, ƙara musu duka. In ka ɗebe, ɗebe musu duka. Haka in ka riɓanya, haka in ka raba. Ga misali:

5x + 20 = 50

Ɗebe 20 daga kowane sashe, saura 5x = 30. Raba kowane sashe da 5, sai x = 6.

Abu ɗaya ya rage. In ka ga lamba a gaban baka, kamar 10 × (50 − x), ana nufin 10 ta riɓanya kowane abu da ke cikin bakan. Ya zama 500 − 10x ke nan.

4. MISALI NA FARKO: MAI SAYAR DA ZOƁO

Wani mai sayar da zoɓo yana da ruwan zoɓo iri biyu. Ɗaya mai kauri ne, sukarinsa 60%. Ɗaya kuwa tsararo ne, sukarinsa 10%. Yana so ya haɗa kilo 50 mai sukari 20%. Nawa zai ɗiba daga kowanne?

Da farko sa wa abin da ba ka sani ba suna. Mu ce mai kauri kilo x ne. Tun da duka kilo 50 ne, tsararon shi ne abin da ya rage, watau 50 − x. Sa'an nan jera su haka, kowanne da yawansa sau ƙarfinsa:

Mai kauri: x × 60 = 60x
Tsararo: (50 − x) × 10 = 500 − 10x
Gami: 50 × 20 = 1,000

Ka ga ba mu raba kowanne da 100 ba. Ba laifi, don duka uku mun bar su haka nan, mizani bai karkata ba. Yanzu sukarin mai kauri da na tsararo shi ne sukarin gami:

60x + 500 − 10x = 1,000
50x + 500 = 1,000
50x = 500
x = 10

Zai ɗibi mai kauri kilo 10, tsararo kilo 40. Amma kada ka tashi sai ka jarraba amsarka. Kilo 10 mai 60% yana da sukari kilo 6. Kilo 40 mai 10% yana da kilo 4. Duka kilo 10 ke nan cikin kilo 50, watau 20 cikin 100. Lissafi ya fita.

5. MISALI NA BIYU: SIRKA BILIC DA RUWA

Wannan misali ka riƙe shi da kyau, gama wata rana zai iya tsare ran mutanen gidanka. Bilic ɗin da a ke wanke fararen tufafi da shi yana da sinadarin kulorin, wanda ke kashe ƙwayoyin cuta. Cikin shekara ta 2014, da cutar Ebola ta ɓarke a Afirka ta Yamma, har ta shigo Ikko cikin watan Yuli, Hukumar Lafiya ta Duniya ta umarci ma'aikata su riƙa haɗa ruwan kulorin iri biyu. Mai ƙarfi, 0.5%, watau kashi 5 cikin 1,000, don wanke daɓe da kayan da jinin majinyaci ko amansa ya taɓa. Marar ƙarfi, 0.05%, watau rabin kashi cikin 1,000, don wanke hannu inda ba a sami sabulu ko sifirit ba. Ran 20 ga Oktoba na wannan shekara hukumar ta bayyana cutar ta ƙare a Nijeriya.

To, mu ƙaddara ka sayi kwalbar bilic, ka duba jikinta ka ga an rubuta 3.5%, watau 35 cikin 1,000. Kana son mai ƙarfin 5 cikin 1,000. Kofi nawa na ruwa za ka zuba wa kofi 1 na bilic?

Mu ce ruwa kofi x ne. Gamin duka zai zama kofi 1 + x.

Bilic: 1 × 35 = 35
Ruwa: x × 0 = 0
Gami: (1 + x) × 5 = 5 + 5x

35 = 5 + 5x
30 = 5x
x = 6

Kofi 1 na bilic, kofi 6 na ruwa. Jarraba: duka kofi 7 ne, 35 a raba da 7 ya ba da 5. Daidai.

In kwalbar da ka samu 5% ce, watau 50 cikin 1,000, mizanin zai zama 50 = 5 + 5x, amsa kuwa kofi 9. Ka ga dalilin da ya sa ba a haddace awo guda a ce shi ke nan. Sai an duba jikin kwalba kowane lokaci.

Na wanke hannu fa? Ɗauki kofi 1 na wanda ka riga ka haɗa, mai ƙarfin 5. Kana son ya koma rabi. Mizani: 5 = ½ × (1 + x). Riɓanya kowane sashe da 2, ya zama 10 = 1 + x, sai x = 9. Kofi 1 na mai ƙarfi, kofi 9 na ruwa.

Ka sani kuma ruwan kulorin da aka sirka ƙarfinsa raguwa ya ke yi in ya daɗe, balle in rana ta buge shi. Don haka kowace rana a ke haɗa sabo, a rufe shi, a ajiye a inuwa inda yara ba su kai.

6. MISALI NA UKU: ƘARA ƘARFI

Ba kullum a ke rage ƙarfi ba, wani lokaci ƙara shi a ke so. Sifirit ɗin da a ke goge fata da shi kafin allura ya fi aiki in ƙarfinsa wajen 70% ne, har ya fi tsantsarsa, don ɗan ruwan da ke ciki yana taimakonsa ratsa ƙwayar cuta, yana kuma hana shi saurin bushewa. Wani mai haɗa magani yana da lita 20 mai ƙarfin 60%, yana kuma da wani mai ƙarfin 90%. Lita nawa na mai 90 zai ƙara don gamin ya kai 70?

Na farko: 20 × 60 = 1,200
Na biyu: x × 90 = 90x
Gami: (20 + x) × 70 = 1,400 + 70x

1,200 + 90x = 1,400 + 70x

Yanzu x yana sashe biyu. A nan ne a ke yin muƙabala. Ɗebe 70x daga kowane sashe, saura 1,200 + 20x = 1,400. Ɗebe 1,200, saura 20x = 200. Sai x = 10. Jarraba: lita 20 mai 60% yana da tsantsa 12, lita 10 mai 90% yana da 9. Duka 21 cikin lita 30, watau 70 cikin 100.

Akwai wani abin mamaki game da sifirit wanda ya kamata ka sani. In aka haɗa tsantsarsa lita 50 da ruwa lita 50, ba su cika lita 100 ba, wajen 96 a ke samu, don suna shiga jikin juna. Nauyi kuwa ba ya yin haka, kilo 50 da kilo 50 kullum kilo 100 ne. Shi ya sa inda a ke son awo ya fita sarai, da nauyi a ke yi.

7. MISALI NA HUƊU: MAƘERIN ZINARIYA

Ba ruwa kaɗai a ke yi wa wannan lissafi ba. Zinariya tsantsa tana da taushi ainun, don haka a kan gama ta da jan ƙarfe ko azurfa kafin a ƙera zobe ko sarƙa. Ƙarfinta ba cikin 100 a ke ƙidaya shi ba, cikin 24 ne, sunan awon kuwa karat. Tsantsa karat 24 ce. Karat 18 kashi 18 ne cikin 24, watau uku bisa huɗu zinariya ne.

Wani maƙeri yana da tsofaffin 'yan kunne giram 30 masu karat 14. Yana so ya narka su da tsantsar zinariya don su koma karat 18. Giram nawa zai ƙara?

14 × 30 + 24x = 18 × (30 + x)
420 + 24x = 540 + 18x
6x = 120
x = 20

Giram 20. Jarraba: 420 da 480 sun ba da 900, a raba da giram 50, ya fito 18. Ka ga hanyar ba ta sake ba, ko da ya ke awon dabam ne.

8. MISALI NA BIYAR: IN AN RAGE RUWA

Masu yin mazarƙwaila su kan matse rake, su dafa ruwan har ya yi kauri. Abin da ke tashi tururi ruwa ne kaɗai, sukari yana nan cikin kasko. Mu ƙaddara ruwan rake kilo 100 ne, sukarinsa 15%. Kilo nawa na ruwa zai ƙone kafin sukarin ya kai 60%?

Abin da zai rage cikin kasko shi ne 100 − x. Sukarin farko shi ne sukarin ƙarshe:

15 × 100 = 60 × (100 − x)
1,500 = 60 × (100 − x)

Raba kowane sashe da 60, ya zama 25 = 100 − x. Me za ka ɗebe daga 100 ya bar 25? Sai 75. Ashe kashi uku cikin huɗu na abin da aka zuba sai ya tafi sama tukuna. Wanda ya san wannan ya san yawan itacen da zai tanada, ya kuma san abin da zai samu tun bai hura wuta ba.

9. GAJERIYAR HANYA: RARA DA GIƁI

In ka gane hanyar mizani sosai, ga wata gajeriya wadda a ke iya yi da ka a kasuwa. Kaza mai ƙwai tana bukatar abinci mai sinadarin gina jiki wajen 16%. Masara tana da wajen 9%. Tunkuzar waken suya, watau abin da ke ragewa bayan an matse mai, tana da wajen 44%. Yaya za a haɗa kilo 100?

Kowane kilo na tunkuza yana da rarar 28, gama 44 − 16 = 28. Kowane kilo na masara yana da giɓin 7, gama 16 − 9 = 7. Tilas rara ta cike giɓi daidai. Rarar kilo 1 na tunkuza za ta cike giɓin kilo 4 na masara, don 7 sau 4 shi ne 28. Saboda haka kashi 1 na tunkuza, kashi 4 na masara, duka kashi 5. Raba 100 da 5, kowane kashi kilo 20 ne. Tunkuza kilo 20, masara kilo 80.

Gwada da mizani ka gani: 44x + 9 × (100 − x) = 1,600. Ya zama 35x + 900 = 1,600, sai 35x = 700, x = 20. Hanya biyu, amsa ɗaya. Sai dai ka sani wannan lissafin sinadarin gina jiki ne kaɗai. Kaza mai ƙwai tana kuma bukatar garin ƙashi ko na farar ƙasa don ɓawon ƙwai, da ɗan gishiri, da waɗansu abubuwa da malamin dabbobi zai gaya maka.

10. INDA A KAN YI TUNTUƁE

Na ɗaya. Ƙarfin gami kullum tsakanin ƙarfin abu biyun da aka haɗa ya ke. Mai zoɓon nan ba zai sami 70% daga 60% da 10% ba ko ya kwana yana juyawa. In ka kafa mizanin, x zai fito 60, alhali duka kilo 50 a ke so. Duk sa'ad da ka ga amsa irin wannan, ko tambayar ba ta yiwuwa, ko ka yi kuskure.

Na biyu. Awo ya zama iri ɗaya. Kada ka auna wannan da lita, wancan da galan. Kada kuma ka ƙidaya ƙarfin wannan cikin 100, na wancan cikin 1,000.

Na uku. "Ɗaya cikin bakwai" dabam ne da "ɗaya da bakwai". Ɗaya cikin bakwai shi ne kofi 1 na magani da kofi 6 na ruwa. Wanda ya zuba ruwa kofi 7 ya yi kofi 8 ke nan, bilic ɗinsa bai kai ƙarfin da a ke so ba.

Na huɗu. Karanta tambaya sau biyu, ka tabbata me a ke nema: yawan maganin ne, ko yawan ruwan, ko yawan gamin duka.

Na biyar. Lissafi ba ya gaya maka abin da ya halatta a haɗa. Kada ka taɓa gama bilic da ruwan batir, ko da wani maganin wanke masai, gama su kan ta da iska mai guba wadda ke ɓata huhu. In za a sirka ruwan batir mai ƙarfi, shi a ke zubawa cikin ruwa kaɗan kaɗan, ba a zuba ruwa cikinsa, don ya kan yi zafi ya fantsama. Maganin allura kuwa da na ƙarin ruwa, aikin ma'aikatan asibiti ne, ba a haɗa su a gida.

11. AIKI

1. Kilo 30 na ruwan gishiri mai 20% an haɗa da kilo 20 mai 5%. Mene ne ƙarfin gamin?

2. Ana son lita 70 na ruwan kulorin mai ƙarfin 5 cikin 1,000 daga bilic mai 35 cikin 1,000. Lita nawa na bilic, nawa na ruwa?

3. Maƙeri yana da tsantsar zinariya giram 30. Giram nawa na jan ƙarfe zai gama da ita ta koma karat 18?

4. Madara lita 9 tana da maiƙo 4%. Wani mai algus ya zuba mata ruwa, da aka auna sai aka ga maiƙon ya koma 3%. Lita nawa ya zuba?

5. Mu ƙaddara shinkafa iri biyu ce, ɗaya mudu naira 2,600, ɗaya naira 2,000. Ana son mudu 30 wanda kowane mudu zai tsaya naira 2,200. Nawa daga kowacce?

6. Duro yana da lita 40 mai ƙarfin 10%. Lita nawa za a kwashe, a mai da madadinsa da mai ƙarfin 50%, don duka ya zama 20%?

AMSOSHI

Kada ka duba sai ka gama naka.

1. Tsantsa 6 da 1, watau 7 cikin kilo 50. Ƙarfi 14%.
2. 35x = 350. Bilic lita 10, ruwa lita 60.
3. 720 = 18 × (30 + x). Giram 10.
4. 36 = 3 × (9 + x). Lita 3.
5. 2,600x + 2,000 × (30 − x) = 66,000. Mai tsada mudu 10, mai araha mudu 20.
6. 10 × (40 − x) + 50x = 800. Lita 10.

In ka sami huɗu ko fiye daidai, ka kama hanya. In ba ka samu ba, koma kan misali na farko ka sake bi a hankali, gama sannu ba ta hana zuwa. Matakan dai huɗu ne: sa wa abin da ba ka sani ba suna, riɓanya yawan kowanne da ƙarfinsa, kafa mizani ka warware, sa'an nan ka jarraba amsa. Bayan wannan, ɗauko kwalba ko buhu daga cikin kayan sana'arka, duba ƙarfin da aka rubuta a jiki, ka ƙago wa kanka tambaya. In ka warware ta, kai wa abokin karatunka shi ma ya gwada, ku ga ko amsarku za ta zo ɗaya.